Yadda za ka ratsa fadamar Kamarg a kan keke, hanyar da mota ba ta bi

Duk wanda ya taso yana tuƙa keke a garuruwanmu ya san rabin hankalinsa a bayansa yake, kana taka feda kunnenka na sauraron hon, ɗan acaɓa ta hagu, a daidaita sahu ta dama, ga tifa can baya tana taho maka kamar za ta hau kanka. Shi ya sa ranar da na fara hawa wannan hanyar sai da na yi kusan rabin awa ina waiwaye, jikina ya ƙi yarda cewa ba abin da ke tafe a bayana. Ba mota ba babur, ba abin da kake ji sai ƙarar tayarka a kan tsakuwa da kukan tsuntsaye da iska. Tun daga ranar duk ɗan uwan da ya zo kudancin Faransa karatu ko aiki ya tambaye ni ina zai je ya huta, nan nake tura shi.

Wurin sunansa Kamarg, a allunan hanya za ka ga an rubuta Camargue. Kogin Ron ne da ya gangaro daga duwatsun Suwizalan, da ya iso garin Arles sai ya rabu biyu, babba da ƙarami, kowanne ya nufi Bahar Rum ta hanyarsa, to ƙasar da ke tsakaninsu ita ce Kamarg ɗin. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya ba tudu ko ɗaya, tabkuna ne da gonakin shinkafa da filayen gishiri. A tsakiyarta akwai gandun da aka keɓe tun 1927 don kare tsuntsaye da tsirrai, ya haura hekta 13,000, ƙungiyar kare namun daji da tsirrai ta Faransa mai suna SNPN ce ke kula da shi, kuma babban tabkin nan Vaccarès yana cikinsa, tabki ne mai faɗin gaske amma zurfinsa bai kai mita biyu ba. Yawancin gandun ba a barin kowa ya shiga. Abin da aka bar mana shi ne wata doguwar ganuwar ƙasa da aka gina a 1859 don ta tare ruwan teku kada ya riƙa cinye ƙasar, Faransawa na ce mata Digue à la mer. A kan bayan wannan ganuwar ake tafiya, teku na hannun damanka, tabkuna na hagunka, kuma an hana duk wani abu mai inji bi ta kai, daga mai ƙafa sai mai keke.

Ana farawa ne daga wani ɗan gari na bakin teku, Saintes-Maries-de-la-Mer. In daga Marseille kake sai ka hau jirgin ƙasa na TER zuwa Arles, tafiyar kamar awa ɗaya ce, daga Arles kuma akwai bas da ke zuwa Saintes-Maries ɗin, kusan kilomita 38 ne tsakaninsu. Wasu sukan ce ai sai su taho da kekensu a jirgi su tuƙa daga Arles, ni dai ban ba ka wannan shawarar ba a zuwan farko, domin babban titin da ya haɗa garuruwan biyu motoci ne ke sheƙa gudu a kai musamman lokacin hutu, ka ga abin da ka gudo dominsa shi za ka fara tararwa, kuma kafin ka isa bakin ganuwar ƙarfinka ya ƙare. Ka hau bas kawai, in ka sauka ka yi hayar keke a garin, shagunan haya suna nan da yawa. Ka duba lokacin bas na ƙarshe mai komawa Arles tun kafin ka bar tasha ka rubuta shi a wayarka, don ba su da yawa, ranar Lahadi da lokacin sanyi ma sun fi ƙaranci.

A shagon haya ka ce VTT kake so, wato keken daji mai faffaɗar taya. Kada ka karɓi siririyar taya irin ta masu tsere ko da ita ta fi kyau a ido, hanyar burji ce da tsakuwa da ramuka, wasu wuraren gargada, wasu yashi. Ka tafi da katin shaidarka don za su nema, galibi kuma akwai kuɗin jingina da ake mayar maka in ka dawo da keken lafiya. Kafin ka bar ƙofar shagon ka hau ka ɗan zaga, ka matsa birkin gaba da na baya, ka canza giya ka ji ko sarƙa na tsalle, ka sa su daidaita maka sirdi yadda in feda ta kai ƙasa ƙafarka za ta kusa miƙewa, in sirdi ya yi ƙasa gwiwarka ce za ta biya kuɗin a hanyar dawowa. Sannan ka roƙi famfo da tub na sauyi da kayan faci da ɗan ƙarfen cire taya, kuma ka tabbata bakin famfon ya dace da bakin tub ɗin, don iri biyu ne. Wannan maganar ta faci ba ƙaramar magana ba ce, a gida in taya ta sace ka tura keke taku hamsin za ka ga mai faci a gindin bishiya, a nan kuwa ba kowa, in ba ka taɓa cire taya da hannunka ba ka sa mai shagon ya nuna maka sau ɗaya, minti biyar ya isa.

Sai ruwa. Don Allah ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, aƙalla lita biyu ga mutum ɗaya, in lokacin zafi ne uku. Ruwa ne kewaye da kai ta ko'ina amma duk na gishiri ne, ba shago ba famfo, ba mai sayar da komai, kuma ba inuwa, bishiyar da za ka gani 'yan gajerun kurmi ne da ba su kai su rufe ka ba. Zuwana na farko gora ɗaya na ɗauka ina ganin ai mu 'yan ƙasar rana ne, kafin in juyo ta ƙare, kilomitocin ƙarshe na yi su leɓena ya bushe ƙamas ga gishirin da iska ke watsa maka a fuska, da na isa gari kaina na sarawa har dare. Ranar can ba ta kai tamu zafi ba amma iska na shanye maka gumi ba ka sani ba. Ka haɗa da dabino ko burodi da abin da zai riƙe ciki, hula, tabarau, riga mai dogon hannu, maganin sauro na shafawa, da leda da za ka zuba sharar ka dawo da ita gari. In kana da madubin hangen nesa ko za ka iya aro, to shi ne rabin daɗin tafiyar.

Abin da ya fi komai yanke hukuncin yadda ranarka za ta kasance shi ne iska. Akwai wata iska da ke gangarowa ta kwarin kogin Ron daga arewa, mistral ake ce mata, busasshiya ce mai sanyi, za ta tuna maka da iskar hunturu sai dai ita ba ta zuwa da hazo, share sama take yi tas, kuma ƙarfinta wani lokacin yana haura kilomita 100 a awa. Hatta bukkokin makiyayan wurin an gina su ne da bayansu a zagaye ta arewa don ta zame ta wuce, rufinsu kuma jinka ce ta ciyawar fadama. Matsalarta ga mai keke ita ce yaudara, kai gabas ka nufa ita kuma sau da yawa daga arewa maso yamma take bugowa, to a tafiya tana ɗan tura ka kana jin kamar kai ne gwani, sai ka juyo sannan za ka gane, kana taka feda da dukkan ƙarfinka keke na tafiyar hawainiya, kuma a kan ganuwa ba abin da zai kare ka. Saboda haka da daddare kafin tafiya ka duba Météo-France, wato hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, ka ga ƙarfin iskar ba zafin rana kaɗai ba. Ni ƙa'idata in na ga za ta wuce kilomita 50 a awa ɗagawa nake yi. In matsakaiciya ce ka tafi, amma ka ware wa dawowa ninkin lokacin zuwa. In kuma an yi ruwan sama mai yawa jiya ko shekaranjiya ka tambayi mai shago halin hanyar, don lakar wurin irin mai kama taya ce.

Ka fita da sassafe. Daga gari ka bi bakin teku ka yi gabas, za ka wuce wurin ajiye motoci na Plage Est, a wannan ɗan farkon kana iya haɗuwa da motocin masu zuwa wanka, ka yi haƙuri kaɗan, da ka wuce shinge shi ke nan an rabu. Tun a bakin gari za ka haye ƙofofin ruwa na farko da ake kira Pertuis de la Fourcade, ka ɗan tsaya ka leƙa ƙasa, ta nan ake buɗewa ruwan tabki ya fita teku ko na teku ya shigo, kifi ma ta nan yake shiga da fita, shi ya sa tsuntsaye ke taruwa a wurin suna jira. Duk wannan fadamar da kake gani kamar haka Allah ya bar ta, hannun mutum ne ke juya ruwanta, manomin shinkafa na son ruwan daɗi, mai gishiri na son na teku, masunci da nasa lissafin, masu kula da tsuntsaye da nasu, duk wanda ya san rigimar ruwa tsakanin manoma da masunta da makiyaya a fadamar Haɗeja ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Can gaba akwai wuraren da iska ta kwaso yashin bakin teku ta zube a kan hanya. In ka hango yashi ka sauke giya zuwa mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya, kada ka matse birkin gaba kuma kada ka murɗa kan keken da ƙarfi, ka bar shi ya bi inda yake so kana taka feda a hankali ba tsayawa. In tayar gaba ta fara nutsewa ka sauka ka tura kawai, kowa haka yake yi, mita kaɗan ne ka koma kan ƙasa mai tauri. Faɗuwar da ake yi a hanyar nan kusan duk a yashi ne, mutum ya shigo da gudu taya ta kafe shi ya wuce.

To yanzu maganar da ta kawo mu, tsuntsaye. A hagunka cikin tabkunan nan marasa zurfi za ka fara hango wasu ɗigo-ɗigo farare masu ɗan ja, su ne filamingo. Kada ka yi sauri, ka sauka daga keke ka kwantar da shi a gefen hanya, ka zauna a ƙasa ka yi shiru minti goma. Akwai ranar da na zauna haka wata guda ɗaya ta matso har ina ganin baƙin da ke ƙarshen bakinta, ta sunkuyar da dogon wuyan nan ta kifa kanta a ruwa, baki a juye sama a ƙasa, tana tattaka laka da ƙafafunta tana juyawa a wuri ɗaya kamar mai kwaɓa ƙasar gini, duk abin da ya taso daga lakar tana tace shi da bakin, ina jin ɗan sautin ruwan caɓ caɓ caɓ. Da ta buɗe fiffike sai ga ja jawur da baƙi a ƙarƙashi wanda ba ka gani in tana tsaye, wallahi sai da na ce Subhanallah da ƙarfi. Jan nan daga abincinsu yake, wasu mitsi-mitsin jatan lande ne na ruwan gishiri, shi ya sa 'ya'yansu toka-toka ne sai sun shekara biyu uku suna ci kafin launin ya kama. Ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara a kan ɗan tudun laka da suke ginawa. Kukansu kuwa ba ya kama da kyansu ko kaɗan, kamar na dinya yake.

Ba su kaɗai ba ne, akwai zalɓe tsaye ƙiƙam yana jiran kifi, akwai agwagin ruwa iri-iri, da wasu 'yan sirara masu jajayen ƙafafu dogaye kamar tsinke. In ka dace a gefen gari ko a hanyar bas za ka ga fararen dawakan Kamarg da baƙaƙen bijimansu suna kiwo, ga balbela na bin su a baya wata ma ta hau gadon bayan doki, sak yadda take bin shanun Fulani a gida, ranar da na fara ganin haka kewar gida ta kama ni sosai. Kuma ba kama ce kawai ba, da yawa daga tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a nan ko suke yada zango a nan, in sanyi ya shigo Turai tsallake Bahar Rum da Sahara suke yi su sauka a fadamun yankinmu, Tafkin Chadi da Haɗeja da Nguru da kwarin kogin Kwara a Mali. Kamarg ta shiga jerin fadamun yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare fadamu, a 1986, tafkin Nguru ya shiga a 2000. Wanda ya taɓa zuwa gandun tsuntsaye na Dagona a jihar Yobe lokacin hunturu ya ga baƙin tsuntsayen nan, to ga inda wasunsu ke bi in za su koma.

Dokokin wurin ba su da yawa kuma ina roƙon ka kiyaye su ko ba wanda ke kallonka. Kada ka sauka daga kan ganuwa ka shiga cikin tabki ko filin ciyawar gishirin nan da ke gefe, wasu tsuntsayen a ƙasa suke ƙwai kuma ƙwan kalar ƙasar ne, za ka taka ba ka sani ba. Tuddan yashin bakin teku da aka kewaye da shingen itace kada ka haura su, shingen ne ke riƙe yashin, in za ka je bakin ruwa ka bi ta inda aka bar hanya. Ba a kunna wuta, ba a kwana, ba a tsinkar tsiro. Kada ka yi ihu ko jifa don tsuntsaye su tashi ka samu hoto, duk tashin da suka yi ƙarfin da suka tara ne suke ƙonawa, wasu kuma tafiyar dubban kilomita ce a gabansu. Waƙa a sifika ma ka bar ta sai ka koma gida. In za ka wuce masu tafiya a ƙasa ka rage gudu ka buga ƙararrawa tun daga nesa ka ce musu bonjour, wato sannu, akwai yara da tsofaffi da yawa a hanyar.

Bayan kusan kilomita 12 za ka iso wata farar hasumiya mai kusurwa huɗu, Phare de la Gacholle, an gina ta a 1882 don haska wa jiragen ruwa. Tun daga nesa kake hango ta kana ganin kamar ka iso alhali da saura, ƙasar ce shimfiɗe take ruɗin ido. In ba iska kuma ba ka tsaya ba awa ɗaya da 'yan mintuna ya isa, amma in ka yi yadda na ce za ka ci awa biyu ko fiye kuma hakan ya fi. A nan ake hutawa a ci abinci, a ranakun ƙarshen mako da hutun makaranta masu kula da gandun sukan buɗe ɗan ɗakin bayani, ka shiga ka tambaye su me ake gani a wannan makon, suna jin daɗin tambaya. In azahar ta same ka a hanya ka nemi gefe ka yi sallarka, alƙibla daga nan kudu maso gabas take amma ta fi karkata gabas, kuma ruwan teku mai tsarki ne ana alwala da shi, ka ga sai ka adana na gorarka don sha.

Mafi yawan mutane daga hasumiyar suke juyawa, zuwa da dawowa kusan kilomita 24 ke nan, kuma shi nake ba mai zuwan farko shawara. Mai ƙarfi yana iya zarcewa gabas ya wuce ƙofofin ruwa na Comtesse ya bi ta gefen tabkin Fangassier, inda aka yi wa filamingo wani ɗan tsibiri a 1970 suka shafe shekaru da yawa suna ƙyanƙyasa a kai, har ya fita Salin-de-Giraud garin masu gishiri. Sai dai daga wajen Comtesse ɗin motoci na iya shigowa, can gaba ma titi za ka hau, kuma tafiyar yini ce cur, sai ka shirya inda za ka kwana ko yadda za ka dawo da keken mutane.

Lokacin da ya fi daɗi a wurina Afrilu zuwa farkon Mayu ne, sai Satumba da Oktoba lokacin da ciyawar gishirin ke rikiɗewa ta koma ja. Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso, in dole ne to ka fita da hudowar rana ka dawo kafin sha ɗaya. Lokacin sanyi mutane ba su da yawa, agwagi ne dubbai, kuma a lokacin ne filamingo suka fi ja suna rawar neman aure, garke guda su miƙe wuya suna juya kai hagu da dama tare, sai dai ka sa rigar sanyi ta gaske da safar hannu. Ka kauce wa 24 da 25 ga Mayu sai in taron kake son gani, ranakun ziyarar addini ce ta al'ummar Gitan, wata ƙabila da aka sani da yawo gari-gari a Turai, garin cika yake maƙil ba masauki. Sauro kuma gaskiya akwai shi, na Kamarg ya yi suna, daga ƙarshen bazarar Turai har kaka, ya fi tsanani da yamma in iska ta kwanta, ba na zazzaɓin maleriya ba ne amma cizonsa har ta cikin siririyar riga, don haka kada magariba ta riske ka a kan ganuwa.

In ka dawo gari da yunwa ka lura da abin da za ka ci, shahararren abincinsu naman bijimi ne da ake kira gardiane kuma da jar giya ake dafa shi, ka nemi kifi da shinkafar Kamarg ya fi maka kwanciyar hankali, ko ka taho da guzurinka daga Marseille inda naman halal ba ya wuya. Wanda bai ƙoshi da kallon tsuntsaye ba akwai lambun Pont de Gau kamar kilomita 4 arewa da gari, ana biyan kuɗin shiga a zaga da ƙafa, a can filamingo har kusa da kai suke zuwa. Ka yi cajin wayarka ta cika kafin ka fita, ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, lambar gaggawa 112 ce. In da naka keken ka je, da ka isa gida ka wanke shi da ruwan famfo musamman sarƙa da giya da birki, ka bar shi ya bushe ka ɗiga wa sarƙar mai, in ka bar gishiri da yashin nan suka kwana biyu a jiki tsatsa za ka tarar.